Jikan da ba ya jin tsokanar kakarsa

A ƙauyukanmu na arewacin Kano, daga Minjibir zuwa Dambatta, daga Makoda zuwa Kunchi da Bichi, da wuya ka shiga gida ka ƙirga mutanensa ka same su sun cika. Kullum akwai wanda ba ya nan. Dalilin kuwa kowa ya san shi. Ƙasarmu cike take da jama'a. Ka fita daga wannan unguwa, kafin ka gama shan gaɓar rake ka shiga wata, kuma duk abin da ke tsakaninsu gona ce mai mai ita, ba daji ba saura. Gonar da kakanmu ya noma shi kaɗai an raba wa 'ya'yansa, su ma an raba wa nasu, har ta kai wani abin da ya gada bai wuce 'yar gayauna ba. Gero da dawa da wake da gyaɗar da za a samu a ciki ba za su kai gida wata damina ba. Dole a fita.

Da can cin rani ake zuwa, a tafi bayan an kai amfanin gona rumbu, a dawo da ruwan farko. Yanzu wasu in sun tafi sai dai a ji muryarsu a waya. Akwai namu a Agege da Idi Araba a Legas, akwai a Sabo ta Ibadan, akwai a Kumasi, akwai a Jidda da Makka. Tun da boko ya yi zurfi kuma, akwai 'yan ƙalilan da karatu ko aikin asibiti ya kai su Ingila da Amurka. Kuɗinsu yana zuwa, shi ke sayen takin zamani, wani lokaci shi ke biya muku kuɗin jarrabawa. Wannan kowa yana faɗa. Abin da ba a cika tattaunawa a kai ba shi ne 'ya'yan da suke haifa a can, da harshen da suke tashi da shi a baki.

Mu ɗauki gidanmu. Baffanmu ya haura shekara ashirin a Jidda, 'ya'yansa huɗu, duka a can aka haife su. Babbar tana jin Hausa kamar a nan ta girma, domin lokacin da aka haife ta uwarta ba ta iya Larabci ba tukuna, ba abin da ke shiga kunnen yarinyar sai Hausa. Na biyu yana jin duk abin da aka faɗa, amma in zai amsa sai ya amsa da Larabci. Ta uku tana tsintar kalma ɗaya a cikin biyar. Autan kuwa, daga "lafiya lau" sai "na gode", jarinsa ya ƙare. Uwa ɗaya uba ɗaya, ɗaki ɗaya. Abin da ya canja shi ne, da babbar ta fara fita wasa da karatu sai ta shigo da Larabci cikin gida, ƙannen suka tashi suka tarar harshen wasa ya riga ya zama Larabci. Iyayen ma a lokacin bakinsu ya faɗa, sai ya zama ya fi sauƙi a ce wa yaro ya zo ya ci abinci da harshen da zai amsa da sauri.

Inda abin ya fi ciwo shi ne wajen kakarmu. Duk wanda ya taso a gidan Hausa ya san wasan kaka da jika. Jika namiji shi ne "mijin" kakarsa, mace kuwa "kishiya" ce. Ranar Juma'a in an kira ta bidiyo aka miƙa mata waya, za ta gyara zama ta ce, "Ina maigidan nawa? Wannan wane irin miji ne, shekara nawa ko kuɗin cefane bai aiko ba? To ka sani na kusa kai ka ƙara." Yaron da ya taso a nan zai rama nan take, ya ce ai ta tsufa, shi amarya zai yi. Autan Baffa sai ya yi murmushi ya kalli babansa. Baffa ya fassara masa, shi ma da kunyar fassara wa ɗansa irin wannan magana a gaban uwarsa. Kafin fassarar ta je ta dawo wasan ya huce. Tsohuwa ta ce, "Allah ya yi albarka," ta mayar da waya. Minti biyu ke nan, kuma shi ne duk abin da ke tsakanin tsohuwar da jikanta a sati.

In ka yi wannan magana a majalisa, akwai wanda zai ce ai jini ba ya ɓuya, ɗan Bahaushe ko a ina aka haife shi Bahaushe ne, in ya girma zai iya. Mu mutanen wannan yanki mu ne bai kamata mu yarda da wannan magana ba, domin mun ga harshe ya fita daga gida a nan inda muke, ba tare da kowa ya hau jirgi ba. Dambatta gari ne na Dambazawa, gidan Sarkin Ban Kano. Dawakin Tofa na Yolawa ne, gidan Madakin Kano. Duka Fulani ne da suka yi fice tun zamanin jihadi, fiye da shekara 200 da suka wuce. A azuzuwanku akwai da yawa da in an tambaye su za su ce su Fulani ne, kuma gaskiya suka faɗa. Amma ku ce su ƙirga daga ɗaya zuwa goma da Fulatanci ku gani. Abin da ya rage a gidaje da yawa shi ne sunayen dangi: Baffa, Goggo, Kawu, Inna, Adda, Hamma. Waɗannan kalmomi da muke kiran iyayenmu da yayyenmu da su kullum daga Fulatanci suka zo, su ne guntun da ya tsira.

Babu wanda ya kafa dokar hana Fulatanci. Zama ne aka yi cikin gari, aka yi auratayya, kasuwa da Hausa, fassarar karatu a zaure da Hausa, shari'a da Hausa, har aka wayi gari yaro ba shi da wata buƙata da sai da Fulatanci za ta biya. Ku kuma lura da matar da ke kawo nono kasuwar Dambatta daga ruga. Za ta yi ciniki da ku da Hausa tsaf, ta juya ta tsawata wa 'yarta da Fulatanci. A rugarsu da shi ake kiran saniya, da shi uwa ke rarrashi, da shi ake faɗa. Yarinyar ba ta da hanyar rayuwa a gidansu sai da shi, shi ya sa yake bakinta.

Hausa ita ma ta yi tafiya, kuma ta daɗe tana yi. Kafin jirgin sama, alhazanmu a ƙasa suke tafiya Makka, ta Borno da Wadai da Darfur, tafiyar da kan ɗauki shekaru, ana tsayawa ana noma ana neman guzuri. Da yawa ba su ƙarasa ba, da yawa kuma sun ƙarasa amma ba su dawo ba. Bayan yaƙin Burmi a watan Yulin 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas da jama'a, suka zauna a bakin kogin Nilu kusa da Sinnar a ƙasar Sudan. Garin har yau sunansa Mai Wurno. Da aka buɗe aikin noman auduga na Jazira a 1925, mutanen da suka fito daga ƙasashenmu suna cikin waɗanda suka riƙe aikin gonakin. Yau akwai jikokin jikoki a Gadarif da Kasala da sauran garuruwan Sudan da ba su taɓa taka Najeriya ba amma suna Hausa. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum ya rubuta littafi guda a 1999 a kan yadda Hausar tasu ta ɗauki Larabci ta saje da shi.

Ta yamma kuma fataucin goro ne ya kai mutanenmu Gwanja, kasuwar Salaga, daga nan suka bazu zuwa Kumasi da Ankara, wato birnin da ake rubutawa Accra. Shahararren malamin nan kuma marubucin waƙoƙi, Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda ya rasu a 1934, a Kano aka haife shi. A zangunan Gana, irin su Nima da Sabon Zango, Hausa ta yi ƙarfin da har waɗanda ba Hausawa ba, Zabarmawa da Mosawa da Dagwamba da sauransu, da ita suke magana da juna. Hausar ta canja kam. Za ka ji ana cewa mace "ya zo", kuma ƙ da k sun zama abu ɗaya a bakin mutane da yawa. Amma tana raye, ana ciniki da ita, ana wa'azi, ana neman aure.

Abin da ya riƙe ta a waɗannan wurare shi ne zango. Unguwa guda, masallaci, makarantar allo, mai shayi, mahauci, ungozoma, da yaran da ake wasan ƙasa da su. Yaro in ya fita ƙofar gida Hausa ce ke jiransa. Inda babu wannan, suna kan rage, harshe ya tafi. Masu kallon ƙwallo a cikinku sun san Osama Hawsawi, kyaftin ɗin Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha. A ƙasar akwai iyalai masu sunan Hausawi da Fallata da Barnawi, kowane suna yana nuna inda kakanni suka fito. Sai dai suna ba ya gaya maka da wane harshe ake kiran yara cin abinci a gidan, kamar yadda "Baffa" da "Goggo" ba su mayar mana da Fulatanci ba.

To ku dubi likita ko malamin jinya da ya fito daga Bichi ya sami aiki a wani gari a Ingila. Ba shi da zango. Maƙwabcinsa na dama Bature, na hagu ɗan Indiya ko Fakistan. Yaronsa yana wuni a makaranta cikin Turanci, talabijin Turanci, abokai Turanci. Hausa ba ta da wuri sai bakin uwa da uba, su ma sun dawo daga aiki a gajiye. Wata mai bincike 'yar ƙasar Beljiyam, Annick De Houwer, ta buga sakamakon wani nazari a 2007 a kan iyalai kusan 1,900 da ake magana da wani harshe a gidajensu ban da harshen gari. Ta tarar kusan yaro ɗaya cikin huɗu ba ya magana da harshen gidan nasu, duk da yana jin sa a bakin iyaye. Inda aka fi dacewa shi ne gidajen da uwa da uba duka suke amfani da harshen gidan. Masana sun daɗe da lura da yadda abin ke tafiya a tsakanin baƙin da suka zauna a Amurka: waɗanda suka zo suna magana da harshensu, 'ya'yansu suna ji suna amsawa da Turanci, jikoki kuwa sai gaisuwa da sunan abinci. A gidan Baffa ba a ma jira jikoki ba.

Iyaye da yawa tsoro ne ke sa su saki. Suna ganin in aka haɗa wa yaro harshe biyu zai rikice, ko ya kasa a makaranta. Mu dai da uku muka taso, Hausa a gida, Larabci a allo da Islamiyya, Turanci a boko, kuma in akwai abin da ya ba mu wahala a jami'a to ƙarancin littattafai ne tun daga firamare, ba yawan harsuna ba. Yaro ƙarami yakan gauraya kalmomi a jimla ɗaya, ya ɗauko wannan daga nan wancan daga can, kuma masu nazarin harshe sun nuna wannan abu ne da aka saba gani, ba alamar rikicewa ba ce. Harshen gari ba ya buƙatar taimakon kowa. Titi da makaranta za su koya wa yaro shi ko iyaye sun so ko sun ƙi. Na gida ne ke mutuwa in aka yi sakaci shekara biyu ko uku.

A nan ne maganar ta zo kanku, ƙannenmu na sakandare, domin ku ne masu riƙe waya. Kaka ba ta san inda ake danna WhatsApp ba, ku take kira. Ku ne kuma sa'o'in waɗancan yaran, kuma yaro ya fi koyon harshe daga abokin wasa a kan daga babba mai yi masa faɗa. In ɗan kawunku ya kira daga Landan, za ku ji kwaɗayin gwada Turancinku a kansa, kuma ba za mu ga laifinku ba, WAEC da JAMB suna gaba. Amma ku lura, shi yana da mutum dubu da zai yi Turanci da su, waɗanda zai yi Hausa da su kuwa ba su kai yatsun hannu ba, kuma kuna cikinsu. In ciniki za a yi, a yi shi a fili: minti goma ya gyara muku Turanci, minti goma ku yi Hausa zalla. Taubashi ne fa, akwai wasa tsakaninku, ku tsokane shi har sai ya nemi kalmar da zai rama da ita.

Kuma kuna da abin nunawa wanda babu shi a can. Ku zagaya da waya bayan gida ku nuna masa rumbu, ku ce ya faɗi sunansa. Ku nuna masa dami, da turmi ana sussuka, da mata suna shiƙa da faifai iska tana kwashe ƙaiƙayi. Ku nuna masa kuka da ɗorawa da gawo, ku gaya masa gawo itace ne mai taurin kai, da damina yake zubar da ganye lokacin da kowa ke kore, da rani ya yi ganye lokacin da kowa ya bushe. Yaro zai tambayi dalili, tambayar nan kuwa ita ake nema. Da daddare ku ɗauki muryar Inna tana tatsuniya ku aika, ku yanke a daidai inda Gizo ya shiga uku, ku ce sai ya aiko da saƙon murya ya roƙa kafin a ƙarasa. Kakarmu ma ta gano wannan dabara da kanta. Ta ce a gaya wa autan Baffa akwai 'yar akuya da ta ware masa, amma ba za ta zama tasa ba sai ya faɗi launinta da bakinsa. Sati biyu ya yi yana tambayar yayarsa, ranar Juma'a ta uku ya ce "ja da fari", tsohuwa ta yi guɗa.

Finafinan Hausa da shirye-shiryen Arewa24 suna taimakawa, haka ma rediyo, ga BBC Hausa nan tun 1957 tana isa inda ƙafa ba ta kai ba. Amma talabijin ba ta amsa wa yaro, ba ta jiran ya ba ta amsa. In kuma rubutu za ku yi masa, ku sa haruffan Hausa a allon wayarku, akwai su. Wanda ke koyo daga nesa ba shi da hanyar sanin bambancin baki da baƙi, ko kafa da ƙafa, in ku da kuka sani kuna rubuta su iri ɗaya.

Abu ɗaya ne muke roƙo da babbar murya, shi ne dariya. Kun san yaran da ake dawowa da su daga Saudiyya, waɗanda ake ce wa 'yan takari. Yarinya za ta shigo aji ta ce wani abu da karkataccen harshe, aji ya fashe, wani ya maimaita, daga ranar ya zama sunanta. Akwai wadda aka kawo unguwarmu tana da shekara tara, ta yi kusan zangon karatu guda ba a jin muryarta a makaranta, har wasu suna zaton ba ta da wayo. Alhali tana da harshe guda cikakke a bakinta, wanda mu muke shan wahalar koyon na littafinsa a Islamiyya. A wajen ɗebo ruwa da kiwon awaki bakinta ya buɗe, cikin yara biyu ko uku da ba su damu da yadda take furta kalma ba. Wanda aka yi wa dariya sau uku yakan rufe baki, in kuma a waya ne sai ya daina karɓa.

Kada a ɗauka maganar tatsuniya da wasan kaka ce kawai. Zaman ƙasar wani ba shi da tabbas. A ƙarshen 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙin da ba su da takardu sati biyu su fice, mutane da yawa suka dawo Najeriya da 'ya'yan da ba su taɓa ganin ta ba. A watan Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, muka ga yadda aka riƙa kwaso ɗalibanmu da iyalai. Saudiyya kuma ba ta ba ɗan baƙo zama ɗan ƙasa don kawai an haife shi a can, zamansa yana rataye da iƙama. Wato 'ya'yan Baffa huɗun nan, ko ba jima ko ba daɗe, akwai yiwuwar nan ne gidansu.

Suna kuma da rabo a gonar nan da muka ce ta ƙanƙance. Yawancin gonakin ƙauyukanmu ba su da takarda. Iyakarsu tana cikin kan dattawa: daga layin gamba zuwa tsohuwar rijiya, daga kukar nan zuwa inda aka taɓa yin jinga, wannan ɓangaren aro ne, wancan jingina ce tun zamanin kakan wane. Ranar rabon gado a gindin bishiya ake zama, ga liman ga mai unguwa ga shaidu, kowa yana faɗin abin da ya sani, ana ja ana sassautawa. Magajin da ba ya jin Hausa sai ya nemi tafinta, tafintan kuwa sau da yawa ɗan'uwa ne da shi ma yake da rabo a gonar. Dattawan da suka san inda iyakar take ba su jin Larabcin Jidda, balle Turancin Landan, kuma mafi ƙanƙantarsu ya haura saba'in.